Masaukin samari da muka riƙe da aikin gayya

Duk wanda ya yi fataucin goro ko shanu tsakanin Kumasi da arewa ya san tsohuwar hanya: Mampong, Ejura, Atebubu, Yeji, a haye ruwa, sai Salaga da Tamale. A wani ƙauye kafin ka kai Yeji, iyayenmu suka gina ɗaki huɗu da rumfa a bayan masallacin zango, suka ce na samari matafiya ne. Babban falke yana da maigidan da zai sauke shi. Yaran mota, almajirai da masu rakiyar kaya su ne ba su da wurin sa haƙarƙari.

Ba wanda ake biya ko sisi. Kafin damina mu samari muke kwaɓa ƙasa mu yi yaɓe, mu hau mu toshe kwanon da ke yoyo. Da rani a yashe rijiya. Ranar Juma'a bayan an sauko, a share ɗakuna, a shanya tabarmi saboda kuɗin cizo. Iyayenmu mata sun raba kwanaki: yau wannan gida ke kai tuwo, gobe wancan ya kai koko da ƙosai. Makulli da kuɗin kananzir suna hannun wani tsoho da kowa ke kira Baba. In ya ga baƙon yaro ya rakuɓe, sai ya ce, "Ɗana, fara cin abinci tukuna, ma ji daga ina kake." Kwana uku kyauta ne, wanda ya wuce haka sai ya ɗauki tsintsiya tare da mu.

Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya cika ya zama tafki, hayewa a Yeji ta koma jiran jirgi. Da farko ma baƙi ƙaruwa suka yi. Sannu a hankali manyan motoci suka koma bin Techiman, Kintampo da Buipe. Sai kuma dokar gwamnatin Busia ta 1969, wadda ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fita. Gidaje da yawa masu kai tuwo suka tashi. Mu da muka rage muka ci gaba da lallaɓawa shekara da shekaru, har neman abinci ya watsa mu Kumasi da Nima. Filin kuwa da baki aka ba da shi. Da Baba ya rasu, magadan masu ƙasa suka karɓi abinsu.

Yau 'ya'yanmu ke bin kaya zuwa Paga da Aflao, da yawansu a kan bencin tasha suke kwana. In zangonku yana da irin wannan masauki, ku yi wa filin takarda, ku buɗe asusu, kuma ku miƙa wa matasa makulli tun dattawa na raye.