Shin Ko Kun San? Wa Ke Tantance Ku Kafin Kuɗin Masara Su Fita

Shin ko kun san cewa idan mai sayen masara ya danna lambar sirri a wajen mai POS a kasuwar hatsi ta Dandume, ba na'urar ce ke yanke hukunci ba? Aika saƙo take yi zuwa babbar kwamfutar banki, wato saba, ita ce ke tabbatar da ko mai asusun ne ko wani ne daban.

Ko kun san an fara sa wa kwamfuta kalmar sirri tun farkon shekarun 1960, a cibiyar MIT ta Amurka, ƙarƙashin Fernando Corbató?

Ga wadda ta fi ɗaukar hankalina. Shafin da aka gina bisa ƙa'ida bai san kalmar sirrinku ba sam. Da kun rubuta ta, saba za ta bi da ita ta wani lissafi, ta ajiye sakamakon kawai, kamar masarar da aka kai inji: gari ba ya komawa tsaba. Idan kun dawo gobe, sai ta sake lissafin ta gwada da na ajiye. Tana kuma haɗa wa kowane mutum wasu haruffa nasa na daban kafin lissafin, don kada sakamakon mutum biyu masu kalma ɗaya ya zo iri ɗaya. Robert Morris da Ken Thompson sun yi bayanin wannan dabara a 1979. Kamfanin RockYou bai yi haka ba, ya ajiye kalmomin yadda suke. Da aka kutsa masa a 2009, na mutum sama da miliyan 32 suka fita fili, wadda kuma ta fi yawa ita ce 123456. Wannan sakaci ne da ba shi da uzuri.

Ko kun san saba ba ta riƙe ku a ka? Bayan kun shiga, wata 'yar shaida take bai wa wayarku, ana nuna ta a kowane dannawa. Lou Montulli na Netscape ya ƙirƙiro ta a 1994. Wanda ya sace ta zai iya shiga ba tare da kalmar sirri ba, shi ya sa manhajar banki ke fitar da ku idan kun ɗan yi shiru.

Wata hanyar tantance mai asusu kuma ita ce BVN, mai lamba 11, wadda Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Fabrairun 2014.

A Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dandume da Funtua da Malumfashi. Lambar tantancewa da banki ke aikowa ta tes ta daina isowa, POS ya tsaya. Alhali akwai wata hanya: manhaja irin Google Authenticator tana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 daga agogon wayar kanta, ko babu sabis. Aika lambar ga saba dai sai da intanet, amma an huta da jiran tes.