Kaso Cikin Ɗari: Inda Ɗalibai Ke Zubar Da Maki A Banza

Duk wanda ya duba tsofaffin tambayoyin lissafi na WAEC, NECO ko JAMB zai tarar da kaso cikin ɗari, wani lokaci a fili, wani lokaci a ɓoye cikin riba da faɗuwa, ragin farashi ko kuɗin ruwa. Ɗalibai kan raina shi, wai tun firamare suka iya. Rainin ne kuwa ke kayar da su.

Hanyar kam ba wuya. Kashi 15 cikin 100 na naira 40,000, a ninka kuɗin sau 15, a raba gida 100, a sami 6,000. Mai hanzari da ka zai yi: ya cire sifiri ɗaya, ga kashi 10, wato 4,000, rabinsa 2,000 shi ne kashi 5, ya haɗa. Haka harajin VAT na kashi 7.5 da ake karɓa a Najeriya tun Fabrairun 2020: a kayan naira 20,000, kashi 5 ya ba da 1,000, rabinsa 500, jimla 1,500. Yaron da ya taɓa ganin an fitar da zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, ai ya san kashi 2.5 tun daga gida.

Tarkon yana wajen sanin daga wane adadi za a cire kason. A ce ɗan kasuwa ya sayar da buhun masara naira 46,000, ya ci ribar kashi 15, a tambaye ku nawa ya saro shi. Mai gaggawa sai ya lissafa kashi 15 na 46,000, ya sami 6,900, ya ɗebe, ya rubuta 39,100. Ya faɗi. Riba a kan uwar kuɗi ake auna ta, ba a kan kuɗin sayarwa ba. Ashe 46,000 ɗin nan kashi 115 ne na uwar kuɗi. A raba shi gida 115, a ninka sau 100, sai ga 40,000. Kada ku yi mamaki in kun ga 39,100 ɗin a cikin zaɓin amsoshi. Masu tsara tambaya sun san inda ƙafar ɗalibi ke zamewa, kuma ganin amsarka a jeri ba ya nufin ka dace.

Ga ɗan'uwan wannan tarko. Farashin 40,000 ya tashi da kashi 25, ya zama 50,000, sannan ya sauka da kashi 25. Da yawa za su rantse ya koma inda yake. Bai koma ba, 37,500 ya zama, domin saukar a kan 50,000 aka yi ta. Kalkuleta ba ta ceton kowa a nan, abin da ka danna mata shi take lissafawa.

Malamai, ku riƙa kawo irin waɗannan juyayyun tambayoyi a aji, ku sa yara su faɗi dalili da bakinsu. Ku kuma ɗalibai, kafin ku ninka komai, ku ja layi a ƙarƙashin adadin da ke matsayin kashi 100, in kun gama ku mayar da amsarku cikin tambayar ku gani ko ta zauna.