Wane irin sakamako ake buƙata kafin ɗalibi ya shiga UCLA ko Berkeley?

A wajajen ƙarshen watan Nuwamba na kowace shekara ake rufe karɓar takardun neman gurbin karatu a Jami'ar Kalifoniya, wadda ke cikin manyan jami'o'in gwamnati a Amurka. Rassa tara ne ke koyar da digirin farko, amma an fi yin rububin na Los Angeles, wato UCLA, da na Berkeley.

Sama da mutum 140,000 ne ke neman shiga ajin farko na UCLA a shekara, waɗanda ake ɗauka kuwa ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Mene ne mafi ƙarancin maki?

A Amurka ana auna ƙwazon ɗalibin sakandare da matsakaicin makin da ake kira GPA, inda A ke da maki 4, B kuma 3. Jami'ar ta gindaya 3.0 ga mazauna jihar Kalifoniya, da 3.4 ga waɗanda suka fito daga wata jiha ko wata ƙasa. Dole ne kuma ɗalibi ya kammala darussa 15 da aka ƙayyade, ciki har da shekara huɗu na Turanci da uku na lissafi, ba tare da ya gaza C a ko ɗaya ba.

Sai dai cika wannan sharaɗi damar shiga takara kawai yake bayarwa. Akasarin waɗanda UCLA da Berkeley ke ɗauka, A suke da ita a kusan dukkan darussa.

Waɗanne shekaru ake lissafawa?

A nan iyaye da dama ke yin kuskure. Sakamakon aji 10 da aji 11 ne ake lissafa GPA da shi, don haka ɗalibin da ya yi sake sai shekarar ƙarshe, ya makara. Ana kuma ƙara maki ga wanda ya ɗauki darussa masu tsauri irin na AP ko IB.

Shin maki kaɗai ya wadatar?

A'a. Tun 2021 jami'ar ta daina duba sakamakon jarrabawar SAT da ACT wajen ɗaukar ɗalibai, sannan wata dokar jihar ta 1996 ta hana la'akari da launin fata. A maimakon haka, ana duba halin da ɗalibi ya tashi a ciki, da irin damar da makarantarsa ta ba shi. Zai kuma amsa tambayoyi huɗu daga cikin takwas game da rayuwarsa, kowace amsa ba ta wuce kalma 350 ba.

Wanda ba mazaunin jihar ba ne yana biyan ƙarin kuɗin da ya haura dala 30,000 a shekara. Ga mazauna jihar da ba su dace ba kuwa, akwai wata hanya: su yi shekara biyu a kwalejin al'umma mai rahusa, sannan su nemi komawa jami'ar a aji uku.