Fayaman, Mai Ciyar da Jirgin Kwal

A Ingila da Indiya, ranar da aka fito da tsohon jirgin kwal don tuna baya, mutane kan yi dafifi a gadoji da tashoshi, kowa da kyamararsa, wasu har su bi shi da mota gari gari. Namu tsofaffin a tsaye suke: ɗan ƙaramin kan jirgin Wushishi yana tashar Minna, na layin Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957 suna gidan tarihi na Jos. Masu kallo direba suke ɗaga wa hannu, amma a wurina gwanin aikin shi ne na gefensa, mai shebur, wanda 'yan reluwe ke kira fayaman.

A zamanin jirgin kwal, kayan aikinsa kwal ne da ruwa. Kwal daga Inugu yake zuwa, inda aka gano shi a 1909, kuma ba a banza yake fitowa ba: a 1949 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe mahaƙa 21 a ramin Iva saboda rigimar albashi. Ruwa kuwa a manyan tankunan tasha ake ɗura shi.

Ba a fara sana'ar da shebur. Yaro zai shekara da shekaru a loko, wurin kwanan kawunan jirgi, yana goge maiƙo, yana kwashe toka, har ya san kowane bututu da sunansa. Sai ya ci jarrabawa, an kuma gwada idonsa an tabbatar yana bambance jar fitila da koriya, sannan a ba shi wuta.

Tun awoyi kafin tashi ake hura murhu, domin tukunya ba ta son gaggawa. In an kama hanya sai ya tsaya a kan ƙarfen da ke rawa tsakanin inji da taragon kwal, ya ɗebo, ya juya, ya watsa. Watsawar nan ita ce sana'ar. Ba jibgewa ake yi ba, shimfiɗawa ake yi kamar mai baza hatsi a tabarma, kusurwoyin baya su samu, gaba ya samu, kada a bar ramin da iska mai sanyi za ta shiga. In kwal ya yi kauri wuta ta shaƙe, in ya yi dunƙule ya toshe ƙasan murhu sai an sa dogon ƙarfe an farfasa. Baƙin hayaƙin da ke burge mai ɗaukar hoto, a idon tsohon direba asarar kwal ce, kuma zai faɗa wa yaronsa haka ba tare da sakayawa ba.

Ido ɗaya yana kan agogon tururi, ɗaya yana kan gilashin ruwa. Ruwa ya yi ƙasa, rufin murhu ya ƙone, tukunya na iya fashewa. Ya yi yawa, ya bi tururi ya ɓata inji. Dole kuma ya haddace hanya, ya gina wutarsa tun kafin a iso hawa, don in an fara hawa ba a gyara wuta. Duk wannan a zafin Afrilu, ga rana ga murhu. Da hunturu kuma fuska na gasuwa, baya na daskarewa.

Gumin nan shi ya kai gyaɗar dalar Kano, audugar Funtuwa da Gusau, shanu da fatu zuwa Ikko, ya dawo da goro da gishiri da kananzir. Kuɗin dako na hukuma ne, shi nasa albashin wata ne da ɗan ƙarin kwanan hanya, sai begen zama direba da fansho. Albashin bai cika kai wata ba, shi ya sa 'yan reluwe suka ja gaba a babban yajin aikin 1945 ƙarƙashin Michael Imoudu, suna neman kuɗin tsadar rayuwa.

A 1955 aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a shekarun nan kuma injin dizal ya shigo. Sannu a hankali aka kashe murhu ɗaya bayan ɗaya. Wasu fayaman suka koma mataimakan direba a sabon inji, wasu suka ajiye aiki da ciwon baya da tari, suka koma gona ko kasuwa a Zariya, Minna da Kafanchan suna jiran fansho.