Noman ganyen shayi a tukunya: Abin da zai yiwu a Birnin Zariya da abin da ruwa da lantarki za su hana

Uwargidan Shugaban Ƙasa, Oluremi Tinubu, ta fito da gasar noman lambu a kowane gida, bayan dokar ta-ɓaci kan abinci da gwamnatin tarayya ta ayyana a watan Yulin 2023. Sai dai a cikin ganuwar Birnin Zariya, inda gidaje ke manne da juna daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ba kowa ke da filin lambu ba. Abin da ya rage wa mazauna shi ne tsakar gida, kuma ganyen shayi na cikin tsirran da suka dace da ƙaramin wuri.

Ɗaya daga cikinsu shi ne luwiza, kamar yadda mutanen Maroko ke kiran sa, wato ganyen da masana suka sa wa suna Aloysia citrodora. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne, ƙamshinsa irin na lemun tsami, kuma ana busar da shi a dafa shayi. Yana da ɗan uwa na jini a dazukan Afirka ta Yamma, wanda Hausawa suka sani da bunsurun fadama. Hanyoyi uku ake bi wajen noman sa a ƙuntataccen wuri: tukunya, rumfar leda, da noma cikin ruwa ba tare da ƙasa ba.

Tukunya ita ce mafi sauƙi. Ana buƙatar mai faɗin kamar santimita 30, ko tsohon bokiti da aka huda gindinsa, a cika da ƙasa haɗe da yashi da ruɓaɓɓen taki. Luwiza ba ya jure kwanciyar ruwa a saiwa, don haka sai saman ƙasar ya bushe ake sake ban-ruwa. Yana son hasken rana na aƙalla awa 6 a yini. Da reshe ake dasa shi, domin irinsa bai cika tsirowa ba, kuma yawan yanke kan rassan ne ke sa ya yi ganye. Idan ya zubar da ganye lokacin hunturu, ba lallai ya mutu ba. A rage masa ruwa, a jira ya sake tofo.

Rumfar leda kuwa, a Turai an fi amfani da ita don kare wannan tsiro daga ƙanƙara, matsalar da Zariya ba ta da ita. A nan zafin watannin Maris da Afrilu kan haura digiri 35, kuma rufaffiyar rumfa ƙara zafin take yi, ta kuma zama matattarar farin ƙuda. Ragar inuwa mai barin iska ta ratsa ta fi dacewa da yanayin, ta kuma fi araha.

Hanya ta uku ce ta fi ɗaukar hankalin matasa a intanet. Ana narka sinadaran taki a ruwa, famfo ya riƙa zagayawa da shi ta cikin bututu zuwa saiwa. Da zarar wuta ta ɗauke na tsawon sa'o'i a lokacin zafi, saiwar na iya bushewa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin rukunin farko zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, sauran rukunan kuma ba su da tabbacin wuta. Akwai dabarar Bernard Kratky na Jami'ar Hawai, wadda ba ta buƙatar famfo, amma ta fi dacewa da tsirrai masu saurin nuna kamar latas, alhali luwiza itace ne mai shekaru.

Kowace hanya aka bi, zancen a kan ruwa yake ƙarewa. Damina a Zariya kan ɗauki kimanin watanni biyar zuwa shida, sauran shekarar kuma sai ban-ruwa. A zamanin Gwamna Namadi Sambo aka ba da kwangilar sabuwar matatar ruwan Zariya mai tace lita miliyan 150 a rana, aka ƙaddamar da ita a 2017 ƙarƙashin Gwamna Nasiru El-Rufa'i. Duk da haka 'yan garuwa ba su daina tura kurar jarkoki a lungunan birni ba. Gidan da ke sayen ruwan sha da jarka zai iya riƙe tukunya biyu ko uku da ruwan wankin shinkafa da na alwala, amma ba zai iya riƙe lambun sayarwa ba.

Ilimin aikin ba shi da nisa da birnin. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS, dukansu a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Matashin da ke son gwadawa zai iya farawa da tukunya ɗaya da reshe ɗaya a farkon damina. Wanda ke son ya mai da shi sana'a kuwa, dole ya tambayi Hukumar Ruwa ta Jihar Kaduna da ɗan majalisar mazaɓarsa: kwana nawa a mako famfon unguwarsa ke kawo ruwa, kuma yaushe bututun zai isa lungunan da bai kai ba?