Lissafi da Kimiyya a Ɗinkin Ninki na Tufafin 'Yar Tsana

Sau da yawa idan ɗaliba ta ɗinka wa 'yar tsana siket mai ninki, irin na kayan makaranta, sai ta tarar ƙugun ya yi kauri, ƙasan kuma ya buɗe ya sandare kamar laima, alhali ta bi dukkan ƙa'idojin da tela yake bi a ɗinkin manya. Ba hannunta ne ya gaza ba. Dalilin shi ne ana iya rage awon tufa yadda ake so, amma kaurin yadi da taurinsa ba sa raguwa tare da awon.

Abin da ake nufi da ninki a nan shi ne a naɗe yadi a kan kansa daidai wa daida, a danne shi da guga har ya yi kari, sa'an nan a ɗinke samansa. Ya bambanta da tattara, wadda ake jan zare yadi ya taru ba tare da awo ba. Fasahar ta daɗe ƙwarai. Rigar lilin da aka tono a Tarkhan ta ƙasar Masar, wadda take ajiye a gidan tarihi na Petrie a Landan, tana da ninki a hannuwa da ƙirji, kuma gwajin da aka bayyana sakamakonsa a 2016 ya nuna ta haura shekara 5,000.

Lissafin yadi

A ninki mafi sauƙi, wanda dukkan karin ke fuskantar gefe guda, kowane ninki yana da hawa uku: na saman da ido ke gani, na tsakiya da ya koma baya, da na ƙasa da ya sake yin gaba. Saboda haka idan ninki yana bin ninki ba tare da tazara ba, ana bukatar yadi mai faɗin ƙugu sau uku. Alal misali, a ɗauka ƙugun 'yar tsana santimita 12 ne, ana kuma son kowane ninki ya zama santimita 1. Za a sami ninki 12, kowanne ya ci santimita 3, jimla santimita 36, sai a ƙara kamar santimita 1 domin haɗa baki. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ga babba da ƙarami.

Inda kauri yake shigowa

'Yar tsanar nan ta Barbie, wadda kamfanin Mattel na Amurka ya fara sayarwa a 1959, tsawonta kusan santimita 29 ne, wato kimanin kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum. Duk abin da ya kai milimita 1 a jikinta daidai yake da milimita 6 a jikin mutum.

To, a ɗauka kaurin yadi milimita 0.3 ne. A ƙugu akwai hawa uku na ninki da hawa biyu na ɗamarar siket, hawa biyar ke nan, wato milimita 1.5. Ɗalibin lissafi ya san cewa idan aka ƙara wa da'ira kauri, kewayenta yana ƙaruwa da kaurin sau biyu sau 3.14, wato kimanin milimita 9.4 a nan. Ga mace mai ƙugu santimita 72, wannan ƙari bai kai kashi 1.5 cikin ɗari ba, ido ma ba zai lura ba. Ga 'yar tsana mai ƙugu santimita 12 kuwa, ya kusa kashi 8 cikin ɗari. Shi ya sa ƙugunta yake ɓacewa.

Abin da ya sa siket yake sandarewa

Yadi yana zubowa ƙasa ne idan nauyinsa ya rinjayi taurinsa. A 1930 wani masani mai suna F. T. Peirce, wanda yake bincike a kan auduga a Manchester ta Ingila, ya nuna yadda za a auna wannan hali. Ana yanka siririn ƙyalle, a riƙa tura shi a hankali daga bakin tebur har bakinsa ya sunkuya zuwa kusurwar digiri 41.5. Rabin tsawon da ya fito waje shi ake kira tsawon lanƙwasa. A yadudduka marasa kauri bai wuce 'yan santimita ba.

Siket mai tsawon santimita 60 ya ninka wannan awo sau da yawa, don haka nauyinsa yana ja shi ƙasa, karin ya kwanta. Na 'yar tsana mai santimita 10 ba shi da nauyin da zai lanƙwasa kansa. Kafin ya zubo kamar na mutum, dole tsawon lanƙwasar yadinsa ya ragu sau shida. Lissafin Peirce kuwa ya nuna cewa hakan yana bukatar taurin yadi, idan aka gwama da nauyinsa, ya ragu sau 6 × 6 × 6, wato sau 216. Da wuya a sami irin wannan yadi a kasuwa. Abin da ya rage shi ne a nemi mafi laushi, kamar siliki marar kauri ko tsohon ƙyallen auduga da wanki ya fitar masa da sitaci. Malami yana iya gudanar da wannan gwaji a aji da tebur da rula da ma'aunin kusurwa, ɗalibai su jera ƙyallaye daga mai laushi zuwa mai tauri.

Yadda guga take tsayar da kari

Zaren auduga ya ƙunshi dogayen sarƙoƙi na sinadarin selulos, waɗanda wani ɗauri mai rauni, ɗaurin haidirojin, yake riƙe da su. Danshi da zafi suna kwance wannan ɗauri, sarƙoƙin su gusa, idan yadi ya bushe su sake ɗauruwa a sabon matsayi. Shi ya sa ake yayyafa ruwa kafin guga, kuma shi ya sa wanki yake goge karin auduga.

Foliyesta dangin roba ce. Tana fara laushi daga wajen digiri 70 na ma'aunin Salshiyos, idan kuma aka matse ta da zafi sosai ta huce a ninke, karin yana jure wanki. Da wannan hali ne mai tsara tufafi na Japan, Issey Miyake, ya fitar da tufafinsa na Pleats Please a 1993: ana ɗinka rigar da girma fiye da kima, a sa ta tsakanin takardu, injin zafi ya ninke ta. Sai dai foliyesta tana narkewa a wajen digiri 255, kuma tana ƙanƙancewa tun kafin nan. Mai amfani da dutsen guga na gawayi, wanda ba a iya daidaita zafinsa, ya kamata ya shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyallen auduga a kai tukuna.

Matakan aiki

Da farko a kalmashe ƙasan siket sau ɗaya tun kafin ninki, domin bayan an yi kari kalmasa tana ɓata shi. Sa'an nan a ja layuka da alli da rula bisa lissafin da ya gabata, a ninke, a riƙe da fil ko ɗinkin hannu na wucin gadi. A danna dutsen guga a ɗaga, kada a ja shi, a kuma bar ƙyallen ya huce kafin a motsa shi. A ɗinke saman da siririn zare da ƙananan taku. Idan da keke ake yi, a sa takarda a ƙarƙashi don kada keken ya haɗiye ɗan ƙyallen, daga baya a yage ta.

Domin rage kauri a ƙugu, ana iya rage zurfin ninki, ta yadda faɗin yadi zai zama ƙugu sau biyu maimakon uku, a kuma yi ɗamara da siririn ribon mai hawa ɗaya. Dinke ninki daga ƙugu zuwa kwatangwalo yana hana siket buɗewa.

Matsalar da mai ɗinkin 'yar tsana take fuskanta ita ce injiniya yake fuskanta sa'ad da ya ƙera ƙaramin samfurin gada ko jirgi. Tun a 1638 Galileo ya bayyana cewa idan girman abu ya sauya, ƙarfinsa da nauyinsa ba sa sauyawa da ƙima ɗaya. Ɗalibin da ya auna ƙyalle a bakin tebur, ya kuma lissafa kaurin hawa biyar a ƙugu, ya riga ya fara aiki da wannan ƙa'ida.