Yaran Kurmi da Hausarsu: Ina "Ƙ" Ta Shiga?

Duk shekara in Babbar Salla ta matso, tashoshin mota na Agege da Mile 12 a Ikko, da na unguwar Sabo a Badun da Shagamu, sukan cika maƙil da masu tafiya gida. A cikinsu akwai magidanta da yawa masu kai 'ya'yansu ganin kakanni, wasu yaran ma wannan ne zuwansu Arewa na farko. To, a can gida ne akan yi wani abin dariya wanda yakan bar uba da tunani. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai zai durƙusa ya gai da kakarsa, can sai ya ce mata kafansa yana ciwo. Tsohuwa ta riƙe baki ta ce, "Kai maigidana, wane yare ne wannan? Ce ƙafa." Yaro ya dube ta ya ce, "Kafa." Ta sake, ya sake. Gida ya kwashe da dariya, a yi ta kiransa Bayarabe har ya koma. Shi kuwa yaron, Allah Sarki, bai ma san abin da ake yi wa dariya ba, domin a kunnensa abin da kakarsa ta faɗa shi ne ya maimaita.

Mutane da yawa suna ɗaukan wannan iyayi ne, ko nauyin harshe, ko kuwa sakacin uwa. Masu binciken yadda ɗan Adam ke koyon magana sun nuna cewa abin tun daga kunne yake farawa, tun yaro yana goye a baya.

A zamanin da, wannan bai cika damun kowa ba. Unguwar Sabo ta Badun tun 1916 aka kafa ta, fataken goro da na shanu suka zauna wuri guda da Sarkin Hausawansu da masallatansu da makarantunsu na allo, kamar yadda wani masani, Abner Cohen, ya bayyana a littafin da ya fitar a kan unguwar a 1969. Yaron da aka haifa a irin wannan wuri daga safe har dare Hausa yake ji. Yau kuwa magidanci yakan kama ɗaki duk inda haya ta yi sauƙi. Maƙwabta Yarbawa, makaranta Turanci, bakin titi buroka. Uba ya fita kasuwa tun asuba, bai dawo ba sai yara sun yi barci.

Kafin a gane inda "ƙ" take ɓacewa, sai an san yadda ake yin ta. Yawancin sautukan magana da iskar huhu ake yinsu. Iska ta taso ta bi ta maƙogwaro, inda akwai wasu tantani guda biyu masu buɗewa da rufewa. In sun matso juna iska ta ratsa su sai su yi ta kaɗawa, na namiji babba kamar sau 100 zuwa 120 a daƙiƙa guda, na mace wajen sau 200, na yaro ya fi haka. Wannan kaɗawa ita ce murya. Mai karatu ya ɗora yatsa a wuyansa ya ja "sss", sa'an nan ya ja "zzz", zai ji wuyan ya yi shiru a na farko, ya yi kurman ƙugi a na biyu. Daga nan harshe da leɓɓa da haƙora da ganɗa su ke sassaƙa muryar ta zama baƙi ko wasali.

Amma "ƙ" ba ruwanta da huhu, nan ne abin mamakin yake. Mai faɗinta yakan rufe tantanin maƙogwaro ruf, ya kuma tokare bayan harshe a sama, iska ta maƙale a tsakani. Sai maƙogwaro ya yi tsalle sama ya matse iskar, harshe ya sake, ta fito da ɗan ƙara kamar an ɓalle murfin kwalba. Shi ya sa mutum zai iya riƙe numfashinsa ya yi ta cewa "ƙ, ƙ, ƙ", amma "k" ba za ta fito sosai ba sai da numfashi. Haka "ts" take. Su kuwa "ɓ" da "ɗ" maƙogwaro ƙasa yake yi, kamar mai shirin haɗiye wani abu. Malaman Hausa a jami'a sukan kira na farko tunzuɗau, na biyu haɗiyau. Bahaushe yana yin duk wannan aiki sau ɗaruruwa a yini bai san yana yi ba, kuma da shi ne yake raba baki da baƙi, kara da ƙara, daka da ɗaka, bari da ɓari. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sautuka a Yarbanci, babu a Turanci.

To yaya jariri ke kama su? Tun yana ciki, a watannin ƙarshe, yana jin amon muryar uwarsa, kuma an gwada an ga jariri ɗan kwana biyu ko uku ya fi son muryarta a kan ta wata mace. Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne wanda wasu masana biyu, Janet Werker da Richard Tees, suka fitar a ƙasar Kanada a 1984. Sun samo jarirai waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu, suka riƙa sa musu sautukan wasu harsuna: "t" iri biyu na harshen Hindi, da kuma wasu tunzuɗau guda biyu, 'yan'uwan "ƙ" ɗin Hausa, na wata ƙabila ta asalin mutanen yammacin Kanada. An koya wa jariri in ya ji sauti ya canja ya waiwaya, sai wata 'yartsana ta yi haske ta motsa. Yawancin 'yan wata 6 zuwa 8 sun riƙa waiwayawa daidai, alhali manyan Turawa ba su jin bambancin. 'Yan wata 10 zuwa 12 kuwa kaɗan ne ƙwarai suka iya.

Wato ke nan jariri yakan zo duniya da kunnen da zai iya rarrabe sautin kusan kowane harshe. Kafin ya cika shekara sai ƙwaƙwalwarsa ta yi tankaɗe, ta riƙe bambancin da take ji kullum, ta yi watsi da wanda ba ya zuwa. Yaron da ya sha jin "ƙ" da "k" a bakin uwa da yayye zai ajiye kowacce a gurbinta. Wanda ya yini a hannun maƙwabta, aka kuma riƙa yi masa buroka a ɗaki, zai zuba su a gurbi guda. In ya girma aka ce ya ce alƙalami a makarantar allo, alkalami zai ce, ko da malam ya ɗaga bulala.

Akwai iyayen da ke ganin ai ga rediyo, ga finafinan Kano a talabijin, ga waya a hannu, yaro zai tsinci Hausa a nan. Wata malama mai suna Patricia Kuhl ta gwada wannan a Jami'ar Washington ta Amurka, ta ba da sakamako a 2003. An kai jarirai 'yan wata 9 wurin masu jin Sinanci, suka yi musu wasa da hira har zama 12 cikin kamar wata guda. Waɗannan jarirai sun riƙe sautukan Sinanci da 'yan'uwansu suka fara mantawa. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai a akwatin talabijin, wasu aka sa musu murya kaɗai. Waɗannan ba su kama kome ba. Sai da mutum a gabansu, yana dubansu suna dubansa. Hirar da uwa ke yi wa goyonta tana tsintar shinkafa, da wasan da kaka ke yi wa jika a kan cinya, ashe su ne makarantar farko.

Kada kuma manya su cika dariya, don su ma abin ya same su ta ɗaya gefen. Ga Bahaushe ya shekara 20 a Badun, yana ciniki da Yarbanci tsaf, amma da ya buɗe baki an san daga ina ya fito. Yarbawa suna da "gb" da kuma "p" wadda suke faɗi kamar "kp", inda ake rufe leɓɓa da bayan harshe lokaci guda, shi kuwa sai ya ce Obomosho. Ga kuma karin sauti. Hausa tana da na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, da su ake raba kuka na hawaye da kuka ta miya. Yarbanci yana da na tsakiya a kan waɗannan, har kalma guda, "igba", takan zama ƙwarya, ko gauta, ko lokaci, ko ɗari biyu, gwargwadon yadda aka ɗaga murya ko aka sauke. Ɗansa da ake yi wa dariya a gida yana jin wannan duka ba tare da wani ya koya masa ba, sau da yawa ma shi ne tafintan uban a asibiti. Haka nan cewar da yaro ke yi "yarinya ya zo": Yarbanci kalma guda gare shi ta "ya" da "ta". Hausar zango ta ƙasar Gana ma ta bi wannan hanya tuntuni.

Abin bai ɓaci ba don yaro ya wuce shekara. Tun 1967 Eric Lenneberg ya yi bayanin cewa ƙofar koyon harshe a buɗe take sosai har zuwa wajen balaga, daga nan ta fara tsukewa. Yaro ɗan firamare in ya yi dogon hutu a Katsina ko Sakkwato cikin sa'o'insa, "ƙ" takan dawo masa da kanta, abin da tsawa da gori ba su iya yi. Wani bincike da aka fitar a Kalifoniya a 2002 ya kuma nuna cewa waɗanda suka riƙa jin wani harshe a gida suna ƙanana, ko da ba su yi magana da shi ba, in sun zo koyonsa da girma lafazinsu ya fi na waɗanda ba su taɓa ji ba. Saboda haka uwar da ke yi wa ɗanta Hausa yana amsa mata da buroka kada ta gaji, ba asara take yi ba.

Sai wata magana da ake yawan ji a gidajen haya, wai yare biyu yana rikita yaro ya hana shi magana da wuri, har wasu iyaye su daina yi masa Hausa don Turanci ya zauna. Masana ba su sami haka ba. Yaro mai jin harshe biyu yakan fara gwaranci, "ba-ba-ba", "da-da-da", wajen wata 6 zuwa 10, ya faɗi kalmar farko wajen shekara guda, ya fara haɗa kalma biyu kafin ko wajen shekara biyu, daidai da mai harshe ɗaya. Kalmominsa dai a rabe suke, wasu a nan wasu a can, in an haɗa lissafi sai a ga bai gaza ba. Gauraya su da yake yi kuwa, ai manya ma haka suke yi a kasuwa.

Haɗarin wannan magana shi ne takan rufe ciwo na gaske. Yaro ya kai shekara biyu ko uku ba ya cewa kome, a ce ai yare ne ya yi masa yawa, a yi ta jira, alhali kunne ne ba ya ji. Sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani a jariri sabon haihuwa, da kunnen da ke yawan zubar da ruwa, duk suna iya taɓa ji. In jariri ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya wuce wata 6 ba ya waiwayen murya, ko ya fara gwaranci ya daina, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko guda a kowane harshe, to a kai shi a auna kunnen. Ana iya auna jin jariri tun yana ɗan kwanaki, yana barci ma, ba allura ba ciwo. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro, ga na Jami'ar Ikko nan a Idi-Araba, tsakiyar unguwar Hausawa, ga kuma na Badun wanda aka buɗe tun 1957. Wanda aka gano da wuri aka sa masa na'urar ji, ko aka fara koya masa maganar hannu, yakan sami harshe tun ƙofar tana buɗe, wanda aka bari har shekara biyar kuwa aikin yakan yi wuya ƙwarai.